Kwangilar Dawar Almu

Shafi na 14

Jama'a, na ga saƙonninku. Masu cewa in bar Almu ya huta, ba ni na hana shi ba, shi ya ɗauko wa kansa. Ke kuma da kika rantse Abdussalami munafuki ne, gyara zama ki karanta wannan a tsanake.

*

Hantsi bai gama ɗagawa ba aka gama sauke lorin. Buhun dawa arba'in, an jera su reras a ƙofar siton makarantar kwana, Almu na tsaye a gefe cikin sabuwar farar jallabiya da ko karin guga bai sake ta ba. Yau ce ranar farko da zai miƙa kaya tun da ya ci kwangilar ciyar da ɗaliban makarantar. Shi da bara war haka yake zaune a kasuwar Suki, can gabas a ƙasar masu Larabci, da mudu a hannu yana korar ƙudaje. Shekara takwas da tafiyar Turawa, ba a taɓa jin wani Bahaushen ƙauyensu ya sayar wa hukuma ko ƙwayar gero ba, shi ya sa yau har wuyansa ya ƙara tsawo.

Amma gabansa na faɗuwa, kuma da dalili. Hukuma ba ta ba mutum kwangila sai ya ajiye ta'min, kuɗin da take riƙewa don kada ya yi mata wasa. Alhaji Maliki ne ya ba shi kuɗin, ya karɓi lambun mahaifin Almu na bakin kogi a matsayin jingina. In kaya suka karɓu, lambu na nan. In aka ƙi su, ta'min ya tafi, lambu ya bi bayansa.

Mutum uku suka fito daga ofis, su ne lajna, wato kwamitin karɓar kaya. Nazir, shugaban makarantar, dogo mai tabarau da ba ya dariya sai da dalili. Sai hakim mai duba lafiyar yara. Na ƙarshe, da tarin mabuɗai a ƙugu, Abdussalami mai sito.

Almu ya kalle shi. Shi kuwa ko inda yake bai duba ba.

Abdussalamin nan fa ɗan kawun Almu ne, abokin wasansa, tare suka koyi iyo a kogi. Ya yi boko, ya samu takardar zama ɗan ƙasa, ya samu aiki, tun daga nan shekara shida ba wanda ya ji kalmar Hausa ɗaya a bakinsa a cikin makarantar nan. Ranar da Almu ya gaya masa zai nemi kwangilar, cewa ya yi: "Kar ka shiga. In kuma ka ƙi ji, to a cikin makarantar ban san ka ba, ba ka san ni ba." Almu ya ɗauki maganar girman kai ne tsagwaronsa, ya haɗiye ta da ɗaci. Sai ga shi makon jiya an gan shi a rumfar mai shayi tare da Abdulmuttalib, tsohon ɗan kwangilar da Almu ya kayar.

"Kai ne Almu?" Nazir ya tambaya da Larabci.

"Ni ne, Ustaz."

"Ka san yadda ake yi?"

"An gaya mini, Ustaz."

"Za mu soki buhun da muka ga dama, ba wanda ka nuna mana ba. Sannan mu gwada da ayyina, samfurin da ka kai birnin Sinnar tare da takardarka. In sun yi daidai, mu sa hannu. In ba su yi ba, ka kwashe kayanka."

"Na yarda."

Aka shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur. Abdussalami ya ɗauki ƙarfen nan mai rami da ake soka buhu da shi, ya soki na sama, ya soki na tsakiya, ya sa aka ɗaga guda biyar ya soki na can ƙasa. Dawa ta zubo. Dawa ce ta gaskiya, busasshiya, jaja-jaja, da ɗan ƙaiƙayi nan da can kamar kowace dawar kasuwa. Hakim ya ɗauki ƙwaya ya ciza, ta ce ƙas. Ya gyaɗa kai.

Almu ya saki numfashi.

"Kawo ayyina," in ji Nazir.

Abdussalami ya shiga sito ya fito da 'yar jakar yadi. Almu ya gane ta, daga tsohuwar rigarsa aka yanka. A bakinta akwai jan kakin da ofishin ilimi na Sinnar ya ɗiga ya buga hatimi. Nazir ya karɓa, ya juya ta, sai ya tsaya.

"Kakin nan a tsage yake."

"Zafin sito ne, Ustaz," Abdussalami ya ce. "Rufin kwano ne. Haka na same shi makon jiya."

"Ka rubuta?"

"Ban rubuta ba."

Nazir ya dube shi ta saman tabarau. Ya yanke zaren, ya zazzage jakar a gefen dawar Almu.

Kowa ya matso ya duba.

Fara ce tas. Manyan ƙwayoyi, kansu ɗaya, ba ƙaiƙayi, ba tsakuwa, ba ko ɗaya mai huda. Ko makaho ya shafa tulin biyu zai ce ba gona ɗaya suka fito ba. Abdussalami ya sunkuya, ya ɗebi kaɗan ya kai hanci, ya daɗe a haka. Da ya ɗago, fuskarsa ta canza, ya mayar da dawar a hankali ya koma gefe.

"To?" in ji Nazir. "Wannan ka nuna wa hukuma, wancan ka kawo wa yara."

"Wannan ba tawa ba ce."

"Sunanka ne a jikin jakar."

"Jakar tawa ce, dawar ba tawa ba ce! Wallahi Ustaz, da hannuna na ɗiba daga cikin irin waɗannan buhunan. Ja na zuba. Ja!"

"To ta yi fari a hanya?"

Hakim ya yi 'yar dariya ya haɗiye. Kunnuwan Almu suka ɗauki zafi. Lambun ya gifta masa a ido, itatuwan lemun tsami guda tara da jigon da mahaifinsa ya kafa da hannunsa. Sai ya juya ya kalli mai mabuɗai, ya kalli tsagaggen kakin, ya tuna rumfar mai shayi, komai ya haɗu masa wuri guda.

"Wa ke riƙe da mabuɗin sito?"

"Mai sito," in ji Nazir.

"Shi kaɗai?"

"Shi kaɗai."

"To ku tambaye shi. Ku tambaye shi abin da suka tattauna da Abdulmuttalib a kasuwa. An buɗe jakata an zuba wadda ba mai iya kawo irinta, don a ƙi kayana a mayar wa tsohon mai shi!"

Nazir ya juya.

"Abdussalami, ka ji."

Abdussalami ya gyaɗa kai.

"Ka zauna da Abdulmuttalib?"

"Na zauna. Buhunansa na wofi ya zo tambaya."

"Ka buɗe jakar nan?"

Abdussalami ya kalli farar dawar, ya kalli ƙasa. Mutumin da ɗazu yake kare kansa da zafin rufin kwano, yanzu ko a'a ya kasa cewa. Almu ya ga haka ya ƙara hawa, don a wurinsa shirun nan amsa laifi ne. Ya matsa kusa da shi ya juya harshe zuwa Hausa, murya ƙasa-ƙasa.

"Nawa anka ba ka? Hwaɗa mini kuɗin lambun ubana a wurinka."

Abdussalami ya ɗago ido, jajir.

"Ban gane abin da yake cewa ba, Ustaz," ya ce da Larabci.

Wannan ta fi komai yi wa Almu ciwo. Ya ce a ransa, tunda ba ka san ni ba, ni ma daga yau ban san ka ba.

Nazir ya miƙa hannu.

"Mabuɗan."

Abdussalami ya kwance su daga ƙugu ya ba shi.

"Saurara da kyau, Almu, don ba na maimaita magana. Hanya biyu ce. In ka tsaya a kan cewa an canza ayyina a sito, zan rubuta, ka dangwala yatsa. Ayyinar ta ɓaci ke nan, mu karɓi dawarka tunda hakim ya ce lafiyayyiya ce, shi kuma mai sito ya tafi hannun bolis, 'yan sanda. In ba ka dangwala ba, ayyina tana nan daram, kayanka ba su kai ta ba. Ta'min ya zama na hukuma, kwangila ta koma ga wanda ya zo na biyu. Kuma wanda ya nuna wa hukuma abin da ba shi zai kawo ba, sunan abin yaudara, shi ma akwai tambayar da zai amsa."

"Kawo takardar yanzu."

"Ina da aji. In an kaɗa ƙararrawar ƙarfe ɗaya ka same ni a ofis."

Almu ya fita yana huci, bai ma san ya dumbuzo farar dawar a hannu ba.

A wajen ƙofar makaranta, ƙarƙashin darbejiya, Iya Yalwa na zaune a kan ɗan buhu, ƙwaryar fura a gabanta an rufe da faifai. Mahaifiyarsa ce. Tun asuba ta ɗaure zane ta ce sai ta ga ranar ɗanta da idonta, kuma sai ta kai wa ɗan ƙanenta fura, tunda ya daina zuwa gida. Da ƙyar Almu ya shawo kanta ta yarda ta tsaya a waje. Wanda ya san Iya Yalwa ya san wannan ma ba ƙaramar nasara ba ce.

"An karɓa?" ta tambaya tun kafin ya iso.

Ya tsuguna a gabanta.

"Almu, mi ya samu huskarka?"

"An ci amanata, Iya."

"Wa?"

"Ɗan ƙanenki."

"Kul! Kak ka ƙara."

"Duba nan." Ya buɗe tafin hannu. "Wagga anka zuba cikin jakata. Ki gaya mini, a dut kasuwar Suki wa ke da irin wagga dawa buhu arba'in?"

Iya ta kama hannun ta kawo kusa da ido. Ta ɗauki ƙwaya biyu ta murza, ta sansana. Sai ga murmushi, irin wanda take yi in an yabi tuwonta.

"Ashe ta iso lahiya."

"Mi?"

"Farfarata ce mana. Ba ka ji tokar ba?"

Almu ya ji kamar ƙasa ta ɗan matsa a ƙarƙashinsa.

"Iya, wace farfara?"

"Ta cikin tulu. Irin da uwata ta ɗauko daga ƙasar Sakkwato a ƙullin zane, wadda nike shukawa a gehen lambu. Sun yaba ko? Na san za su yaba."

"Ya anka yi ta shiga jakata?"

"Ni na zuba."

Ta faɗe shi ne hankali kwance, har tana gyara faifan fura.

"Ka ba ni jaka ka ce in ɗinke baki, za ka kai Sinnar. Na leƙa ciki. Ƙaiƙayi, Almu! Har da tsakuwa biyu. Na ce wagga za a aje gaban hukuma da sunan ɗiyan Malam Alhasan? Su ce mu ƙazamai ne? Dama yaya suke kallonmu balle mun kai musu shara. Na zubar wa kaji, na fasa bakin tulu. Wuni guda ina tsinta, ƙwaya ƙwaya, har idona ya yi ruwa."

"Iya..."

"Ai ba a tarbar baƙo da ƙanzo. Ko sarkin ƙauye za ka kai wa gaisuwa, mai kyau kake zaɓa, balle hukuma."

"Ba gaisuwa ba ce!"

Muryarsa ta fita da ƙarfi har ta ja baya. Tun da ta haife shi bai taɓa ɗaga mata murya ba. Ya runtse ido ya sassauta.

"Yi haƙuri, Iya. Ayyina ba kyauta ba ce. Alkawari ce. Abin da ka nuna, shi za ka kawo, ba ƙari ba ragi. Kin nuna musu farfara, yanzu farfara suke so. Buhu arba'in, kowane wata, har shekara."

Murmushin ya bar fuskarta a hankali.

"To a ba su tawa."

"Nawa ta rage?"

"Rabin tulu."

Ita da kanta da ta ji abin da ta faɗa sai ta gane girman ɓarnar. Garin neman gira an rasa ido, kuma ba mugu a cikin lamarin, wannan ne ya fi ci wa Almu rai. Da Abdulmuttalib ne da ya san inda zai kai fushinsa. To tsohuwa ce da ta ɓata wuni tana tsintar dawa don kada a raina ɗanta.

Sai wani abu ya faɗo masa. Wata biyu yana cika baki a majalisa cewa iya sa farashi ne ya ba shi kwangila, har yana koya wa matasa yadda ake cike takarda da yadda ake liƙa mata tambari. Ashe mutanen Sinnar jakar suka buɗe, suka ga farfarar Iya, suka ba shi. Kunya ta rufe shi.

"Ka ce an ci amanarka," Iya ta ce a hankali. "Mi ka ce wa Abdussalami?"

Ya kawar da kai.

"Almu."

"Na ce shi ya canza."

"Gaban mutane?"

"Gaban Nazir. An karɓe mishi mabuɗai."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Maraya, Almu! Na goya shi da bayan nan da na goya ka."

"Ban sani ba, Iya! Kakin a tsage yake, ya yi shiru, mi zan ɗauka?"

"Tashi ka tahi ka warware."

"In na warware, lambu ya tahi."

Ya matso kusa da ita ya ci gaba.

"Ƙarhe ɗaya za a ba ni takarda. In na dangwala, su karɓi dawa, lambu ya tsira, shi a kai shi bolis. In ban dangwala ba, Alhaji Maliki ya shiga lambu kahin kaka. Lemun Baba, jigon Baba, har gehen da kike shuka farfarar. Kuma sai an tambayi wanda ya zuba. In ce wa? In ce uwata?"

"Ka ce ni. Ƙarya ce?"

"Ki kwana a hannun bolis da shekarunki?"

"To shi ya kwana?"

Suna nan suna ja-in-ja har rana ta take, ƙararrawar ƙarfe ɗaya ta kaɗa a cikin makaranta. Yara suka ɓarke da hayaniya suna fitowa daga aji, suna nufar wurin cin abinci.

Almu ya miƙe, ya karkaɗe dawar daga hannunsa. Iya ta sunkuya tana tsince ta daga ƙasa, ko a wannan hali ba ta iya ganin iri a zube.

"Ki zauna nan. Don Allah, Iya, kak ki motsa."

"Mi za ka yi?"

"Ban sani ba."

Gaskiya ya faɗa. Daga ƙofar makaranta zuwa ofis taku ɗari ne da 'yan kai, kuma a cikin takun nan zuciyarsa ta kawo masa shawarar da ba zai so kowa ya ji ba. Ta ce masa Abdussalami na da boko, in an kore shi nan zai samu aiki a birnin Wad Madani. Ta ce masa bolis ba za su riƙe shi ba tunda ba shaida. Ta ce masa ai shi ya fara cewa bai san ka ba. Almu ya ji ƙyamar kansa, amma ƙafarsa ba ta tsaya ba, kuma bai ce wa zuciyar ta yi shiru ba.

A ofis, Nazir na zaune a bayan tebur, takarda a gabansa, mabuɗan sito a kanta. Abdussalami na kan benci a jikin bango, hannuwa a tsakanin gwiwoyi. Ba mabuɗai a ƙugunsa sai ya koma ƙarami, ya koma yaron da Almu ya sani a bakin kogi.

Nazir ya karanta takardar da ƙarfi. Ni Almu Alhasan na shaida cewa ayyinar da aka buɗe yau ba ita na miƙa ba, kuma ina zargin mai sito da canza ta.

"Haka ne?"

Almu ya kalli takardar.

"Haka... haka na faɗa ɗazu."

Nazir ya buɗe aljihun tebur, ya lalube, ya yi tsaki.

"Tawadar dangwale tana wurin akawu. Ku jira ni."

Ya fita. Takun takalminsa ya yi nisa a baranda.

"Almu."

Almu ya waiwaya a firgice. Da Hausa aka kira shi, Hausar gida.

"Tokar Gwaggo ce," Abdussalami ya ce da sauri, ido a ƙofa. "Tun da anka zazzage na ji ta. Toka da ganyen darbejiya, ita kaɗai ke aje iri haka."

"Ka sani? Ka sani ka yi shiru?"

"In ce mi? In ce a kamo Gwaggo?"

"Na kira ka ɓarawo."

"Ka sha kirana abin da ya hi haka a bakin kogi. Saurara, ba lokaci. Dangwala."

"Mi?"

"Dangwala, na ce. Ni in anka kore ni ina da alƙalami, zan ci abinci. Kai ba ka da wani lambu."

Maganar da zuciyarsa ta raɗa masa a hanya ke nan, kalma da kalma, ga ta a bakin wanda za a zalunta. Almu ya ji hawaye ya cika masa ido, ya kasa kallonsa.

"Ba ni iyawa."

"Kana iyawa. Tana ina?"

"Waje, ƙarƙashin darbejiya. Hura ta kawo maka."

Abdussalami ya miƙe tsaye zumbur.

"Ka zo da ita nan? Almu, kak ka bari ta shigo. Komi za a yi kak ta shigo, in Nazir ya..."

Takun takalmi ya dawo. Abdussalami ya koma benci, fuskarsa ta rufe kamar ba shi ya yi magana ba.

Nazir ya ajiye kwalin tawada, ya buɗe, ya tura takardar gaba.

"Babban yatsa."

Almu ya miƙa hannu. Yatsan ya taɓa tawadar, sanyi, ya ɗago shi shuɗi. Ya tsaya a saman takardar.

"Ina da aiki, Almu."

"Ustaz, in mutum ya..."

"Salamu alaikum. Wane ne babba a nan?"

Iya Yalwa ce a bakin ƙofa, ƙwaryar fura a hannu ɗaya, ɗayan a dunƙule. Yara biyu-uku sun biyo ta suna leƙe. Ba ta jira an amsa ba ta shigo, ta buɗe dunƙulen hannun a kan teburin Nazir, a kan takardar ma. Farfara ce da ƙasa-ƙasa a jikinta.

"Ni na zuba ta," ta ce da Hausa. "Ni, Yalwa. Ba yaron ga ba. In ɗauri ne a ɗaure ni."

Nazir ya kalli dawar, ya kalli tsohuwar.

"Wace ce wannan? Me take cewa?"

Kafin Almu ya haɗa kalma, Abdussalami ya riga shi.

"Mai tallan fura ce, Ustaz. Ta ɓata hanya. Bari in fitar da ita."

Nazir ya juya a hankali.

"Ɗazu ka ce ba ka jin yarensu."

Iya ba ta iya Larabcin ofis ba, amma shekara hamsin tana cin kasuwar Suki, ta ji mai talla, ta ji a fitar da ita. Ta dangwarar da ƙwaryar a kan tebur har fura ta fantsalo.

"Ni ce mai talla, Abdussalami? Ni?"

"Gwaggo, don girman Allah..." ya ce, bai san maganar ta fita da Hausa ba.

Ita kuwa ta ga dai ana neman hallaka mata yaro saboda ba a san ko shi wane ne ba. A ƙauye in za ka wanke mutum, asalinsa kake faɗa, a san gidan da ya fito. Sai ta tattaro ɗan Larabcinta na kasuwa, ta dafa kafaɗar Almu, ta ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Da waladi."

Ta taka ta dafa kan Abdussalami.

"Wa da walad akhui. Ma harami!" Wato ba ɓarawo ba ne.

Abdussalami ya rufe fuska da hannu biyu.

Nazir ya cire tabarau, ya ninke, ya ajiye.

"Wannan ɗanta. Wannan ɗan ɗan'uwanta." Ya maimaita a hankali, kamar mai bitar karatu. "Almu, wa ya cike maka takardar neman kwangila?"

"Mai rubutu na ƙofar ofis, a Sinnar."

"Ya karanta maka sharaɗi na tara?"

"Ya karanta da sauri, Ustaz, ban..."

"Mai neman kwangila ya shaida ba shi da ɗan'uwa a cikin ma'aikatan makarantar. Ka dangwala a ƙarƙashinsa."

Ban san ka ba, ba ka san ni ba. Sai yanzu Almu ya ji maganar yadda aka faɗe ta. Wata biyu yana zagin mutumin da ke tsare masa baya.

Nazir ya share farfarar daga kan takardar da gefen hannu, ya ɗauki takardar ya yage ta biyu.

"Da safe na ɗauka an canza ayyina ne don a kayar da kai. Yanzu ina ganin ɗan'uwan mai sito ya ci kwangila da dawar da ba shi da ita." Ya dubi Iya, wadda ke tsaye tana jiran a gode mata, ya dubi su biyun. "Kada wanda ya fita daga ɗakin nan."

Ya jawo tarho, ya murɗa hannun tarhon sau uku.

"Haɗa ni da bolis."

Iya ta juya ga ɗanta.

"Almu, mi ya ce? An sake shi ko?"

Almu na tsaye, yatsansa a sama, tawadar ta gangaro ta ɗiga a farar jallabiya.